Zauren Gyara: Ta Ina Ake Shiga Idan Baƙuwar Kwamfuta Ta Ƙi Tashi?

Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai 'yan asalin Gaya da Ajingi



An ɗora mana nauyin yin magana a kan wani abu wanda a ganin farko ƙarami ne ƙwarai, har wani ya ce bai isa a tara jama'a dominsa ba. Abin kuwa shi ne, idan kwamfutar nan da muke girkawa a cikin wata kwamfutar ta ƙi tashi, ta ina ake shiga a gyara ta? Mun karɓi nauyin ne domin yawancinmu da ke karatun wannan fanni, ko a Wudil, ko a Bayero, ko a Dutse, kwamfuta ɗaya tak gare mu, ita ma galibi 'yar gwanjo ce wadda batirinta ya gaji. A cikinta aikin kammala digiri yake kwana. Gobe kuwa, idan Allah ya sa mun kama aiki, a cikin irinta ne sunayen ma'aikata da lissafin albashinsu za su kwana.

Bari mu fara da bayyana abin da muke nufi, saboda yayyenmu da ba wannan suka karanta ba. Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja, watau wadda ke riƙe da ragamar na'urar duka, irin su Windows ko Linux, sauran manhajoji kuwa duk a ƙarƙashinta suke. To, akwai wata dabara ta sa kwamfuta ta ware wani yanki na ƙarfinta da na ma'ajiyarta, ta kwaikwayi wata kwamfutar dabam, har a girka wa ta kwaikwayon tata babbar manhajar, ta yi ta aiki a cikin taga guda ba tare da ta san a gidan wani take ba. Masu fannin suna kiran ta ainihin mai masauki, ta kwaikwayon kuwa baƙuwa, mu ma ba mu ga dalilin sake musu suna ba. Kada kuma a ɗauka sabon yayi ne. Kamfanin IBM na Amurka ya fitar da tsarin VM/370 tun 1972, domin mutane da yawa su raba babbar na'ura guda, kowa yana ganin kamar tasa ce shi kaɗai. A 1999 kamfanin VMware ya sauko da dabarar kan ƙananan kwamfutoci, sa'an nan a 2007 aka saki VirtualBox kyauta, wadda daga baya ta koma hannun kamfanin Oracle. Da ita ɗalibi mai Windows yake koyon Linux ba tare da ya sayi na'ura ta biyu ba.

Abu guda muke roƙon ku riƙe tun yanzu, gama duk sauran maganar a kansa ta ratayu. Rumbun ajiyar baƙuwa ba ƙarfe ba ne. Fayil ne kawai da ke zaune a cikin mai masauki, sunansa yana ƙarewa da vdi in VirtualBox ce, ko vmdk in VMware ce. Ana iya kwafe shi a filash, a sa a aljihu, a hau mota da shi.

Me ke hana baƙuwa tashi? A wurinmu babban dalili sananne ne. Tana tsakiyar rubutu a rumbunta, ko tana tsakiyar sabunta kanta, sai a ɗauke wuta, batirin mai masauki kuwa ba ya riƙe ko minti biyar, shi ke nan su mutu tare. Ba mu manta da watan Oktoba na 2024 ba, sa'ad da yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu, kowa ya koma ga janareta da cajin haya, inda wuta ke yankewa ba sallama. Bayan wannan sai cikar rumbu, sai kuskuren layi ɗaya a fayil ɗin saiti, sai kuma mantuwar kalmar sirri bayan dogon hutu, wadda ba wanda yake son ya amsa ta a bainar jama'a.

Idan haka ta faru, maganin da aka fi sani kalma ɗaya ce, fomatin, watau a share kome a sake girkawa. Ba mu zargin masu gyara a kan wannan, domin mai shago yana da layi a gabansa, sharewa kuwa ta fi bincike sauri. Amma mai kaya shi ya san abin da ke ciki. Fayil ɗin girka Ubuntu na 2024 kaɗai ya haura gigabait 5, wanda ya taɓa jiran saukarsa a Ajingi da datar waya ya san ba wasa ba ne, balle a zo ga aikin wata shida da ba a sayar da shi a ko'ina. Mu kuwa musamman bai kamace mu ba. Tarihin baka na Kano yana cewa maƙera ne daga Gaya suka tafi dutsen Dala neman tama, su ne Abagayawa, har ana danganta sunan birnin da ɗaya daga cikinsu. Ba mu taɓa jin maƙerin da ya mai da garma cikin wuta ya narkar don ƙotarta ta karye ba.

Domin a gane inda ake shiga, sai a san yadda kwamfuta ke tashi, gama ba tashi ɗaya take yi ba. Da farko wata 'yar manhaja da ke manne da na'urar, wadda ake kira BIOS, ko ƙanwarta ta zamani UEFI, takan farka ta duba kayan aiki. Ita sai ta miƙa wa mai buɗe ƙofa, wanda a Linux sunansa GRUB. Shi kuma ya ɗauko zuciyar babbar manhaja ya tayar, ita kuma ta yi ta tayar da hidimomi ɗaya bayan ɗaya har a kai ga allon da ke tambayar kalmar sirri. Galibin lalacewa a matakan ƙarshe take. Saboda haka aka tanadi wata hanya ta tsayar da tafiyar a tsakiya, a tayar da abin da ya zama tilas kaɗai, a bar sauran suna barci. Wannan shi muka kira zauren gyara. Wanda ke zaure ya riga ya shiga gida, amma bai kai tsakar gida ba, daga nan kuwa yana iya aikawa ciki a fito masa da abin da yake so.

A kwamfutar ƙarfe shiga zauren nan ba wuya. A baƙuwa ne ake shan fama, dalilan kuwa daga baƙuntar tata suke.

Na farko shi ne maɓallan da kake dannawa na mai masauki ne, ba sa isa ga baƙuwa sai ka danna linzami a cikin tagarta ta kama su. Mutum yakan yi ta bugun maɓalli yana fushi, alhali duk mai masauki yake yi wa magana. In ma Windows ce mai masaukin, ka buga Shift sau biyar a jere, sai ta fito da tata tambayar ta rufe maka taga. A VirtualBox, maɓallin Ctrl na hannun dama shi ke kamawa, shi ke saki. Na biyu shi ne sauri. Baƙuwa ba ta da ƙarfen da za ta tsaya dubawa, kafin ka kai hannu ta wuce zauren. Ubuntu kuwa, idan ita kaɗai ce a rumbu, ɓoye jerin zaɓin GRUB take yi. Dabarar ita ce, da ka kunna ka danna cikin taga nan take, sa'an nan in baƙuwar da BIOS take tashi ka danne Shift ka riƙe, in kuwa da UEFI ne ka taɓa Esc. Mun ce ka taɓa, ba ka yi ta duka ba, gama in ka yi gaggawa ka faɗa saitin UEFI, in ka yawaita kuma ka zarce jerin zaɓin ka sami kanka a baƙin allo mai jiran umarni. In haka ta faru rubuta normal ka danna Enter, ka sake taɓa Esc sau ɗaya. Masu VMware suna da sauƙi guda: a kashe baƙuwar, a buɗe fayil ɗinta mai ƙarewa da vmx, a ƙara layin bios.bootDelay = "5000", sai ta riƙa jira sakan biyar kafin ta wuce.

Akwai na uku, shi ya fi ruɗa mutane. Da yawanmu ba ma kashe baƙuwa, rufe tagar muke yi mu zaɓi a adana halin da take ciki. In ka sake kunna ta, ba tashi take yi ba, ci gaba take yi daga inda ta tsaya, kamar wanda ya yi gyangyaɗi a zaune. Wadda ba ta fita gida ba kuwa ba za ta bi ta zaure ba, ko ka kwana kana danne da Shift. Sai an yar da halin da aka adana, ko an sake kunna ta daga tushe.

Amma kafin duk wannan, ga abin da mai kwamfutar ƙarfe yake yi mana hassada a kai. Kashe baƙuwar sarai, ka je inda take zaune a cikin mai masauki, ka kwafe jakarta gaba ɗaya zuwa wani wuri. Likita ba ya samun majinyaci biyu iri ɗaya ya gwada magani a kan ɗaya, mu kuwa muna samu. In gyara ya ɓaci, ka dawo da kwafin ka sake gwadawa.

To, ga jerin zaɓi ya fito. A Ubuntu sai ka sauka layi na biyu, inda aka rubuta Advanced options, ka shiga. Za ka ga zuciyar manhaja fiye da ɗaya, domin idan ta sabunta takan ajiye tsohuwar. In sabuntawa ce ta kawo matsalar, fara gwada tsohuwar, sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa, da ma da tsohuwar zuma ake magani. In ba ta yi ba, zaɓi layin da aka rubuta recovery mode a ƙarshensa. Wani ɗan allo zai fito da kalmomi kaɗan, kowace da aikinta. Wadda aka rubuta clean tana share tarkacen girke-girke idan rumbu ya cika. Ta dpkg tana ƙarasa sabuntawar da wuta ta yanke. Ta fsck tana bin rumbu tana daidaita lissafinsa, kamar mai binciken kuɗi da ya tarar da littafin da aka bari a tsakiyar shafi. Ta ƙarshe da za mu ambata ita ce root, wadda ke ba ka cikakken iko a kan na'urar.

Mu ɗan tsaya a kan root, domin a nan ake tuntuɓe. Sau da yawa za ka tarar an buɗe maka rumbun domin karatu kaɗai, ka yi gyara ka zo adanawa ta ƙi. Ba lalacewa ba ce, kariya ce. Sai ka rubuta mount -o remount,rw / tukuna ta yarda ka yi rubutu. Daga nan wanda ya manta kalmar sirri ya rubuta passwd da sunansa ya sa sabuwa. Wanda ya yi kuskure a fayil ɗin /etc/fstab, wanda shi ke faɗin rumbunan da za a buɗe yayin tashi, ya buɗe shi ya sa alamar # a farkon layin da ya ƙara. Harafi ɗaya ke nan, a kan abin da wani zai share aikin shekara dominsa. Sai dai a kiyaye, ba a sakin fsck a kan rumbun da aka riga aka buɗe domin rubutu, yin haka ƙara ɓarna ne. In kuwa ɗauke wuta ta yi mugun ta'adi, baƙuwar kan tsaya da kanta a baƙin allo mai ɗauke da kalmar initramfs, ta faɗi sunan yankin da ya lalace, misali /dev/sda2, ta ce a duba shi da hannu. Ba mutuwa ta yi ba, magana take yi. Karanta abin da ta ce, ka rubuta fsck da sunan yankin, ka amsa tambayoyinta. Guntayen da ta tsinto ba ta san gidansu ba takan tara su a jakar lost+found.

Idan baƙuwar Windows ce, tsohon maɓallin F8 da yayyenmu suka sani ya daina aiki haka kawai tun Windows 8 ta 2012. Yanzu in tana kai wa allon kalmar sirri, sai a danne Shift a zaɓi sake kunnawa. In ba ta kai wa, a katse mata tashi sau biyu ko uku a jere, ita da kanta za ta gane akwai matsala ta buɗe zaurenta.

Wataƙila wani ya ce duk wannan wasan ɗalibai ne. To, ranar Juma'a 19 ga Yuli, 2024, wajen ƙarfe 5 na asuba agogon Nijeriya, kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike da ke Amurka ya aika wa abokan cinikinsa wani ɗan fayil mai kuskure. Cikin minti 78 ya janye shi, amma aikin gama ya gama. Kamfanin Microsoft ya ƙiyasta na'urori miliyan 8.5 masu Windows ne suka faɗi, suna tashi suna sake faɗuwa. Asibitoci da bankuna da filayen jiragen sama suka tsaya, kamfanin jirage na Delta kaɗai ya soke tashi wajen 7,000 cikin kwana biyar. Maganin fa? A shiga zauren gyara, a share fayil ɗin da sunansa ya fara da C-00000291, a sake kunnawa. Iyakarsa ke nan. Amma na'urar da ba ta tashi ba a aika mata gyara ta intanet, sai mutum ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda kuwa baƙi ne a manyan rumbunan Microsoft, inda ba mai iya zuwa ya tsaya a gabansu ya danna maɓalli, shawarar da aka bayar ta haɗa da a yi ta sake kunnawa, wasu har sau 15, ko kuwa a ciro rumbun baƙuwar da ta faɗi, a jona shi a jikin wata lafiyayya, a share fayil ɗin daga can, a mayar. Wannan dabara ta ƙarshe tana aiki a VirtualBox ɗin da ke cikin jakarka kamar yadda ta yi musu aiki. Ko zauren ya ƙi buɗuwa sam, rumbun fayil ne, wata baƙuwar tana iya karanta shi, ka kwashe aikinka. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Yanzu sai mu juyo ga yayyenmu ma'aikata, domin akwai wani gefe na maganar da ba shi da daɗin ji. Kun lura mun sake kalmar sirri ba tare da an tambaye mu tsohuwar ba? Haka Ubuntu take idan ba a sa wa root tasa kalmar ba. Ma'anarsa ita ce, kalmar sirrin da ke kan baƙuwa asabari ce, tana hana mai wucewa leƙe, amma ba ta tsai da wanda ya riga ya shigo. Duk wanda ya sami minti goma da mai masauki, ko ya kwafi fayil ɗin nan a filash, ya sami kome. Ƙyauren gaskiya shi ne a kulle rumbun kansa ta yadda ba ya karantuwa sai da mabuɗi, kamar yadda BitLocker ke yi a Windows, ko LUKS a Linux. Amma shi ma da nasa sharaɗin. Mabuɗin ceto na BitLocker lambobi 48 ne, ranar gyara kuwa sai an kawo shi zaure zai buɗe. A waccan Juma'a ta 2024 akwai ma'aikatun da suka makara domin mabuɗansu suna ajiye a cikin na'urorin da su ma suka faɗi.

Saboda haka tambayar da ta kamata kowane ofis ya amsa ita ce, a hannun wa mabuɗin yake? A ce ɗan bautar ƙasa ne ya girka na'urar da ke riƙe da bayanan wata makaranta ko wani asibiti a ƙasar Gaya, shekara ta cika ya koma garinsu da kalmar sirri a kansa. Ko a ce an yi wa jami'i canjin wurin aiki, takardar miƙa aikinsa ta lissafa kujeru da kabad, ba ta ambaci mabuɗin rumbu ba. A ganinmu wurinsa takarda ne, a rubuce da hannu, cikin ambulan da aka liƙe, a ajiye wurin shugaban sashe, a kuma rubuta ranar da aka buɗe da wanda ya buɗe. Mu ɗalibai kuma mu sani, iya shiga zaure bai ba mu izinin shiga na kowa ba. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta kutsawa cikin kwamfutar wani ba da izini ba, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su.

Abin da muke roƙon 'yan'uwa su yi kafin hutu ya ƙare kaɗan ne, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Kowa ya buɗe fayil ɗin /etc/default/grub a baƙuwarsa tun tana lafiya, ya mai da GRUB_TIMEOUT_STYLE zuwa menu, ya sa GRUB_TIMEOUT ya zama 5, ya rubuta sudo update-grub. Daga ranar jerin zaɓi zai riƙa jiransa sakan biyar, ba sauran tsere da Shift. Kafin kowace babbar sabuntawa a ɗauki hoton halin baƙuwa, wanda VirtualBox da VMware duk suna yi, amma a tuna hoton a cikin mai masauki yake zaune, in an sace ta ko rumbunta ya mutu sun tafi tare, don haka kwafin da ke filash dabam yake da muhimmanci. Fayil ɗin girkawa kuma mutum ɗaya ya sauke ya raba wa saura, gama shi ma ana tayar da baƙuwa da shi a yi gyara daga waje.

Mun zo da kwamfuta biyu, kowace da baƙuwar da muka lalata da gangan: ɗaya mun ɓata mata layi a fstab, ɗaya mun sake mata kalmar sirri ba za mu faɗa ba. Bayan sallar la'asar za mu ajiye su a bayan ɗakin nan, wanda yake so ya zo ya tashe su, yayyenmu ma'aikata su ne a gaba.